Ranar da Allura Ta Shiga Ɗanasabe

Ni Manu maƙeri ne, ɗan maƙeri, kuma wuƙaƙen da Ɗanasabe ya lalata a duniya, mafi yawansu daga maƙerata suka fito. Saboda haka in za a yi maganarsa, a bar ni in yi, na fi kowa sanin ɓarnar da ya yi.

Ɗanasabe Bamaguje ne, mutumin Tsamiyar Bawa, wani ƙauye tsakanin Danja da Funtuwa. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Ni ina salla, shi yana tsafin gidansu, kuma wannan bai taɓa hana mu cin gyaɗa a faifai ɗaya ba. Manomi ne na ƙwarai, dawa da auduga. Ba shi da tsawo, ba shi da jiki, ba shi da surutu. In ka gan shi a kasuwar Danja yana tayin barkono, sai ka ce ko akuya ta taka shi haƙuri zai ba ta. Amma a buga gangi, wato kiɗan 'yan tauri, sai ka ga mutum ya tsuma. Ya zaburo shimfiɗata, ya fizgi wuƙar da na kwana biyu ina wasawa, ya ɗora ta a cikinsa ya yi ta ja kamar mai yankan kabewa. Ko kwarzane babu. In ya gaji ya lanƙwasa ta, ya karya, ya jefo mini guntayen. Mata suna guɗa, ni ina tsintar ƙarfe.

Na sha ce masa, "Don girman abin da kake bauta wa, in za ka tsuma, ka tsuma kusa da rumfar wani."

Ya ce wuƙata ta fi daɗin karyawa. Har yau ban gane ko yabo ba ne.

Taurin nan na gado ne. Kakansa ya samo shi, ya ba ubansa, uban ya ba shi. Ɗa ɗaya ake ba, kuma ba a kowane lokaci ba. Sai da kaka, bayan dawa ta shiga rumbu, an dafa giyar sabuwar dawa, an yi wa Uwargona, abar bautarsu, yanka. Ranar nan uba zai haɗa maganin a ƙoƙo, ya sha rabi, ya miƙa wa ɗa ya shanye. Sharaɗin shi ne, mai bayarwa sai nasa yana nan daram. Wanda nasa ya karye, ko ya haɗa ya ba ka, ruwan saiwa kawai ka sha. Kowane magani kuwa da makarinsa, na gidansu kuɓewa ce. Wannan sirri ne, ba a faɗa wa kowa. Duk garin an san ba a shuka kuɓewa a gidan, ba a kaɗa ta, ba a karɓar ta ko da biki, kuma duk garin in ka tambaya ba wanda ya san dalili.

Wanda zai gada shi ne Sabo, ɗansa na fari. Sabo magidanci ne, da gemunsa da 'ya'yansa, amma da yake ɗan fari ne iyayen ba sa kama sunansa, "yaron nan" suke cewa. Kowace kaka Sabo ya sa ido, kowace kaka uban ya ce baɗi. A shekarar da nake ba da labari, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, Ɗanasabe ya buɗe baki a gaban dangi ya ce bana zai bayar. Sabo ya je ya sayi ɗan jan zakara ya fara kiwo.

Ruwa yana sauka, ciwon ciki ya sauka a jikin Ɗanasabe. Murɗa, zawo da jini da majina, sannan ya yi kwanaki shiru babu abin da ke fita, sannan a sake komawa farko. An sha sassaƙe, an sha saiwa, an sha jiƙon da ko jaki ya sansana sai ya ja da baya. Kafin a yi maimai, mutumin da ke ɗaukar damin dawa da hannu ɗaya ya koma sai ya dafa bango zai tashi. Disfensa a Funtuwa ya lallatsa cikin, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi Zariya inda ake ɗaukar hoton ciki.

Ɗanasabe ya zo maƙerata ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon wuta. Can ya ce, "Manu, ba mutuwar nake ji ba. In na tafi kafin kaka, abin nan ya bi ni rami, yaron nan ya tashi a tutar babu. Ka raka ni su ɗan jinkirta mini."

Haka ya faɗa, kamar mai neman a ɗaga masa ranar gayya.

Muka hau jirgin ƙasa a Funtuwa mu uku: ni, da shi, da matarsa Tsohuwa. Sunanta ke nan tun tana goye, sunan kakarta ta ci. Mace ce 'yar firit, amma in ta buɗe baki ko ni da nake wasa aska nakan matsa. Muka sauka gidan wani ɗan'uwana maƙeri a Tudun Wada.

A babban asibiti aka tura mu ɗakin hoto. Ma'aikacin ɗakin wani Bazazzagi ne mai fararen kaya, Malam Shitu, mutum mai haƙuri, mai yi wa kowa bayani ko bai tambaya ba. Ya zaunar da mu ya ce, "Baba, hanji ba ya fitowa a hoto sai an cika shi da wani farin ruwa mai kauri, kamar farar ƙasa da aka dama. Da roba muke zura shi, ta ƙasa."

Tsohuwa ta ce, "Ta ina?"

"Ta ƙasa, Inna."

Ta ce, "To, duniya."

Malam Shitu ya ci gaba. Ya ce ana gobe za a sha man gelo a wanke ciki tas, ba a cin komai sai ruwa da koko tsararo, don duk abin da ya rage a hanji zai fito a hoto ya rufe ciwon. Ya ce in an zuba farin ruwan, dole mutum ya riƙe shi har a gama. Hanji kuwa ba ya son baƙo, da ya ji shi sai ya murɗe ya yi ta tunkuɗowa, azabar ba kaɗan ba. "Shi ya sa muke yin allura tukuna. Tana kwantar da hanjin, ta rage maka ciwo."

Ɗanasabe ya ce, "Ta rage ciwo ce?"

"I, Baba."

"Ajiye wa masu jin ciwo."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna. Duk da rashin lafiyar, sai da na ji ta a ƙeya. Da muka fito na ce masa, "Haba! Ka gaya wa mutumin nan gaskiya mana. Ka ce ƙarfe ba ya shigarka, ya san yadda zai yi da kai."

Ya ce, "In faɗa masa, ya tambaye ni yadda ake karyawa? A gaban baƙo? Kuma yaushe ka ji ɗan tauri ya ce a kawar masa da ƙarfe?"

Na ce to a bari ya gwada, in ta karye ta karye. Ya ce kayan gwamnati ne, ba irin nawa ba ne da za a karya a wuce.

Ranar hoto ni da Tsohuwa muna kan benci a ƙofar ɗaki. Daga ciki ba mu ji ko tarin Ɗanasabe ba. Muryar Malam Shitu muka fara ji: "Riƙe, Baba. Riƙe. Saura kaɗan. Baba, riƙe!" Sai likita, wani dogon Ba'indiye mai tabarau, ya yi wata magana da Turanci da ƙarfi. Sai muka ji wani sauti wanda ba zan kwatanta ba, don ni dattijo ne. Aka buɗe ƙofa Malam Shitu ya fito, daga gwiwarsa zuwa takalmi fari fat, ya wuce famfo.

A yi wa Ɗanasabe adalci, bai yi nishi ba. Malam Shitu da kansa ya shaida, ya ce gumi ya jiƙe teburin, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ko ƙifta ido bai yi ba. Hanjin ne kawai ba a gaya masa cewa a cikin ɗan tauri yake ba.

Likita ya aiko da saƙo ta bakin Malam Shitu. Ya ce a dawo mako mai zuwa, kuma sai an kwantar da hanjin nan, in ba haka ba ba zai ga komai ba, abin da bai gani ba kuwa ba zai ba da maganinsa ba.

Muna komawa masauki Ɗanasabe ya ce a ɗaure kaya, gida za shi. Ya ce zai lallaɓa ya kai kaka. Tsohuwa tana tankaɗe a bakin ƙofa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ba za ka kai ba."

"Ke kika riƙe kwanana?"

"Ni nake wanke zanen da kake kwana a kai, na san abin da nake gani. Ko fitar kan dawa ba za ka gani ba, balle yanka. In ka koma haka, yaron nan ya rasa tauri ya rasa uba. In ka karya, ɗaya ya rasa. Ni ban yi boko ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba."

Ya ce, "Abin kakana."

Ta ce, "Kakanka ya mutu, bai hana shi ba."

Ya juya fuska bango tun hantsi, har aka kira la'asar a masallacin unguwa. Na yi salla na dawo na tarar da shi zaune. Ya tambayi matar mai masaukinmu, cikin ladabi, ko ana samun ɗanyar kuɓewa a garin nan.

An samo tun ranar. Amma kullum Tsohuwa ta ɗauko wuƙa za ta yanka, sai ya ce a bari gobe, ya ƙara kwana da abinsa. Ba wanda ya iya matsa masa, ni dai ban iya ba. Kuɓewar farko ta yi yaushi aka sayo wata. Haka aka yi ta gobe, gobe, har ya zama goben ita ce ranar hoto. Da safe ya sha man gelo, ya yini yana zirga-zirga tsakanin ɗaki da makewayi, har cikin ya zama babu komai sai iska. Da yamma, ciki ya wanku tas yadda Malam Shitu yake so, Tsohuwa ta ɗora tukunya.

Na ce, "Tsohuwa, me nake gani? An ce kada ya ci abinci."

Ta ce, "Wa ya ce abinci ne? Makari ne."

"To ya lasa mana. Cokali ɗaya."

Ɗanasabe ya ce lasa ba ta karyawa. Yadda ubansa ya gaya masa, sai an ci an ƙoshi. Na ce to ya sha miyar zalla. Su biyun suka dube ni kamar na yi saɓo. Tsohuwa ta ce a ina na taɓa ganin an sha kuɓewa ba tuwo, ko mahaukaci ne.

Ta tuƙa tuwon dawa mai tauri irin na manoma. Tun da ta shiga gidansa ba ta kaɗa kuɓewa ba, amma hannunta bai manta ba, ta sa daddawa ta sa kanwa, ƙamshi ya cika gidan. Ta ajiye a gabansa. Ya wanke hannu, ya gutsuri loma, ya dangwala, yauƙin ya biyo hannunsa har gwiwa don bai san yadda ake katse shi ba. Ya daɗe da lomar a hannu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na tashi na fita tsakar gida, don ban so ya ga ina kallo. Daga can na ji ya ce, "Ashe haka take." An jima kaɗan na ji ya ce a ƙaro.

Ya ci malmala bayan malmala har ya jingina da bango. Ya siɗe kwano, ya yi gyatsa, ya ce, "Shi ke nan." Tsohuwa ta kwashe kwanukan ta tafi bayan ɗaki, ta daɗe tana wanke su fiye da yadda kwano biyu ke bukata.

Washegari ya shiga ɗakin hoto ya ce wa Malam Shitu, "Kawo allurarka." Malam Shitu ya ji daɗi, ya ce ai gara haka, Baba, jarumtaka ba ta aiki a nan. Ya bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Ya goge damtsen da auduga, ya ɗora allura, ta shige sumul. Da ya zare, ɗigon jini ya fito, ɗan mitsitsi. Ɗanasabe ya karkata kai yana kallonsa, har Malam Shitu ya share.

Ba a daɗe ba bakinsa ya bushe, idonsa ya fara gani dishi-dishi, zuciyarsa tana bugawa da sauri. Ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Manu, ga shi nan yana fita."

Malam Shitu ya ji, ya ce, "Aikin maganin ne, Baba. Kowa haka yake ji, an jima zai sake ka."



Allura dai ta yi aikinta. Hanji ya kwanta lamo, aka zuba farin ruwa, ya riƙe, aka juya shi dama aka juya shi hagu, aka ɗauki hoto. Daga baya Ɗanasabe ya ce mini bai ji komai ba sai kamar wanda ya sha fura ya wuce misali. Malam Shitu ya fito da wandonsa yadda ya shiga da shi, yana ta murmushi.

Da hoton ya bushe aka kira mu. Likita ya rataye shi a jikin fitila, ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa. Ni ban iya karatun hoto ba, amma na ga wani farin abu ya lanƙwasa kamar lauje, cikinsa cike da dunƙule-dunƙule. Likita ya yi magana. Malam Shitu ya juyo, murmushin ya tafi.

"Likita yana tambaya, me Baba ya ci jiya?"

Tsohuwa ta ce, "Bai ci abinci ba."

"To, Inna, wannan fa?"

Ta leƙa ta duba da kyau. Ta ce, "Wannan tuwo ne. Magani ya raka."

Malam Shitu ya fassara. Likita ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, ya sake kallon hoton, tuwon yana nan. Ya ce a cikin dunƙulen nan wataƙila ɗaya ciwo ne, amma shi bai san wanne ba, kuma ba zai yi canke ba. A sake. Wannan karon a kwantar da mutumin a asibiti tun ana jibi, kuma matar nan kada a bar ta ta shigo da ko ƙoƙon ruwa.

Ba wanda ya tambayi wane magani tuwon ya raka, mu ma ba mu faɗa ba.

Karo na uku, muna zaune a bencin ƙofar ɗakin hoto, Ɗanasabe yana tsakiya cikin rigar asibiti, cikinsa wayam. A gabanmu akwai wani Alhaji, dillalin gyaɗa, ƙato, ya cika rabin benci shi da babbar rigarsa. Shi ma hoton hanji za a yi masa. Malam Shitu ya fito da ɗan farantinsa na ƙarfe. Alhaji yana hango allura ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi.

"Innalillahi! Malam, tsaya. Ni fa ba na shiri da abin nan tun ina yaro. Suma nake yi. Don Allah babu na haɗiya?"

Malam Shitu ya ce, "Akwai, Alhaji. Sai dai ka zauna ka jira ta kama jiki."

Ya koma ciki ya fito da wata 'yar kwalba, ya zazzago ƙwaya fara, ba ta kai ƙwayar wake ba, ya ba shi da ruwa a moɗa. Alhaji ya haɗiye, ya yi hamdala, ya tsinci carbinsa ya ci gaba da ja.

Tsohuwa ta sa gefen zane ta toshe bakinta. Ɗanasabe yana kallon kwalbar nan, bai motsa ba. Can ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Wannan aikinsu ɗaya da allurar?"

"Ɗaya ne. Ita ma hanjin take kwantarwa."

"Da ma akwai ta?"

"Ai tun da aka buɗe ɗakin nan. Allura ta fi sauri ne, shi ya sa muke yin ta, ga mutane da yawa. Amma wanda ya ce ba ya so, sai mu ba shi ƙwaya. Kai da farko ka ce ba ka son maganin ciwo gaba ɗaya, da ka dawo ka ce allura. Ko kai ma ƙwayar kake so yau?"

Kai! Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma na rasa wanda zan zaga. Malam Shitu bai yi laifi ba, abin da aka gaya masa ya bi. Tsohuwa ran mijinta ta nema. Alhaji kuwa tsoronsa ya faɗa a fili a gaban mata da yara, ba kunya, aka ba shi abin da yake so, yana zaune lafiya lau. An ce matambayi ba ya ɓata. To mu ba mu tambaya ba, don a gidan su Ɗanasabe tambaya irin wannan ita ce abin kunyar.

Ɗanasabe ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse. Ya ce, "Yi allurar. Kada mu ɓata maka lokaci."

Hoton ya fito tas. Likita ya nuna mana wani wuri da hanjin ya tsuke, ya ce tsohon atuni ne ya yi miki a nan, ba mugun ƙari ba ne, ba sai an yanka ba. Ya rubuta magani. Na tambayi Malam Shitu ko da allura a ciki, ya duba ya ce babu, duk na haɗiya ne, da safe da yamma. Na so ban tambaya ba.

A jirgi muna komawa, mun wuce Giwa, na ce masa, "Wa ya sani, ƙila bai karye ba. Allura daban, wuƙa daban. Kuɓewar Zariya ma ba ta da wani yauƙi."

Ya ce, "To a cikin wa za mu gwada? Nawa, ko na yaron?"



Maganin ya karɓe shi. Kafin dawa ta fitar da kai ya koma gona, kafin a yi girbi kumatunsa sun ciko. Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, ya aurar da jikoki, ya mutu da haƙoransa. In an buga gangi a kasuwa yakan tsaya daga nesa ya ji kaɗan, sannan ya ce yana da abin yi a gida. Mutane suka ce tsufa ne. Tsohuwa ba ta sake kaɗa kuɓewa ba har ta koma ga Mahaliccinta, ko da yake babu sauran abin da za ta karya. Amma duk wannan daga baya ne. Akwai kakar shekarar nan, kuma Sabo bai san komai ba. Kullum uban yana cewa zai gaya masa gobe.

Dawa ta yi kyau, ta shiga rumbu, aka dafa giya. Da sassafe aka aiko mini in zo da sabuwar wuƙa, don al'adarsu in ɗa ya sha, a nan take ake gwada shi. Na ɗauki wuƙar na tafi. Na tarar dangi sun taru a gindin rumbu. Sabo ya yi aski, ya sa sabuwar taguwa, sabon ƙoƙo a hannu ɗaya, jan zakaran nan da ya yi damina yana kiwo a ɗaya hannun. Ya durƙusa gaban ubansa ya ajiye ƙoƙon.

Ɗanasabe ya dubi ƙoƙon, ya dubi dangi, ya ce, "Babu."

Sabo ya yi 'yar dariya, ya ce, "Baba, baɗi kuma?"

"Ba baɗi. Babu. Na karya shi a Zariya, don su yi mini allura. In na haɗa maka, ruwa za ka sha, kuma wuƙar Manu tana da kaifi."

Wani tsoho cikin dangi ya fara salati irin nasu, aka ce ya yi shiru. Sabo yana durƙushe, zakara yana mutsu-mutsu a hammatarsa. Mutumin nan tun yana saurayi yake jiran safiyar nan.

Ya ce, "Ba wata hanya ne, Baba?"

Ni da Tsohuwa muka dubi ƙasa. Ɗanasabe ya ce, "Akwai. Ban tambaya ba."

Sabo ya ɗago kai ya dubi uban. Sannan ya ce, "Amma ka warke?"

"Na warke."

"To." Ya goge fuska da bayan hannu. "Zakaran fa?"

"Kawo. Uwargona ba ta yi laifi ba, a ba ta abinta."

Ya karɓi zakaran ya taka fukafukan, ya miƙo mini hannu na ba shi wuƙar. Ya juya ta ya duba inda kaifin yake. Ya kama kan zakaran, ya janye yatsunsa baya, ya sake janyewa, sannan ya yanka a hankali, yadda kowa yake yi. Sabo ya kau da kai.